Lokacin da Faransanci Ya Fita Daga Bakin Yaya Lawali

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Rakiya, mutuniyar Damagaram ce ni, amma shekarata goma sha uku a Saint-Denis, gefen birnin Paris, tare da mijina Isufu da 'ya'yanmu biyu. Ina aiki a ofishin wani kamfanin kayan lambu a kasuwar Rungis. Labarin da zan bayar na jinyar yayana Lawali ne, wadda ta ɗauke mu tun daga farkon sanyin bara har zafi ya shigo. Ya tashi, alhamdu lillahi, ko da yake ba dukansa ne ya tashi ba. Na rubuta ne don wanda zai ga ɗan'uwansa da zazzaɓi yana magana ba kan gado, kada ya yi irin jinkirin da muka yi. Sauran abin da ke cikin labarin kuwa, ni kaina ban gama gane shi ba.

Yaya Lawali ya girme ni da shekara tara. Farfesa ne a wata makarantar koyon fasaha a Lyon, kuma bidiyo yake yi, amma ba fim irin mai labari ba. Sau ɗaya ya gayyace ni wajen nunin aikinsa a Paris. Na shiga wani ɗaki mai duhu, sai ga hannun Innarmu a bango, ya kai girman ƙofa, tana tsince tsakuwa daga cikin wake. Minti ashirin ba abin da ya faru sai wannan. Turawa suna zaune tsit, wata har da share hawaye, ni kuwa ina ta jiran a fara fim ɗin. Da muka fito ya tambaye ni yaya na gani, na ce Inna ba za ta ji daɗi ba da bai bari ta sa lalle ba. Ya yi dariya har da dafa bango.

Akwai kuma abin da kowa a gidanmu ya sani amma ba wanda ya taɓa furtawa. Yaya bai yi aure ba, kuma ba mace yake so ba. Shekara goma sha ɗaya yana zaune da wani Bafaranshe mai suna Bruno, ma'aikacin ɗakin karatu. In Inna za ta yi maganarsa a waya, "mai gidan hayarsa" take cewa. Ni ban taɓa ganinsa ba. In Yaya zai zo Paris shi kaɗai yake zuwa, ni kuma ban taɓa cewa zan je Lyon ba. Haka muka tsara zamanmu ba tare da mun taɓa zama mun tsara ba.

Ranar wata Talata ya kira ni ina ofis. Ya ce kansa na sara tun jiya, jikinsa da zafi, kuma duk inda ya juya yana jin warin ƙonannen gashi. Na ce ya sha farasitamol da citta da lemun tsami, ya kwanta. Ran Alhamis ciwon ya ƙi sauka, shi da Bruno suka je sashen gaggawa na wani asibiti. Awa shida suna kan kujera. Da aka zo kansa, wani likita ya duba shi a tsaitsaye, ya ce mura ce mai zafi irin ta sanyi, gari duk ita ake yi, ya koma gida. Wannan ranar har yanzu tana ci mini rai. Da an tsaya an saurari maganar warin nan, wataƙila da labarin ya fi haka gajarta.

Ran Juma'a ya matsa wa kansa ya je aji. Daga baya ɗalibansa suka gaya mini cewa yana tsakiyar bayani sai ya tsaya, ya kalli allo, ya ci gaba da Hausa. Da yake sun saba da shi yana kawo musu abubuwan da ba su zata ba, sai suka ɗauka darasin ne haka. Wasu har sun ɗauki muryarsa a waya. Asabar da safe ya faɗi a kicin, jikinsa na karkarwa.

Lambar Yaya ce ta fito a wayata, amma muryar ba tasa ba.

"Madame Rakiya? Bruno ne." Ya tsaya kamar yana jiran in ce wane Bruno. Ban ce ba. "Muna asibiti. Ya farfaɗo sau ɗaya, ya yi magana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ina jin yarenku ne. Shi ma ba ya gane ni. Don Allah ki zo."

Awa biyu ne a jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, tikitin gaggawa kuwa sai wanda ya saya. A bakin asibiti na tarar da wani gajeren mutum mai sanƙo, ya kusa hamsin, riƙe da leda da silifan Yaya a ciki. Ban san me na zaci zan gani ba, amma ba wannan ba. Ya miƙo mini hannu, na ɗora nawa a ƙirji. Ni ba na musabaha da maza, ko da wane ne, amma na ga ya ɗauka don shi na yi. Ban yi masa bayani ba.

Yaya yana kwance a ɗakin masu tsananin ciwo, an jona masa wayoyi ko'ina. Likitar mace ce, doguwa, mai saurin magana. Ta ce sun ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa sun auna. Kalmar da ta faɗa ta zauna mini har yau: encéphalite. Wato ƙwaƙwalwa ce ta kumbura, wata ƙwayar cuta ta shige ta. Za a yi masa ƙarin ruwa da magani sati uku cur, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Na lura duk bayanin Bruno take kallo. Ashe akwai takardar da Yaya ya cika tun da daɗewa, inda mutum ke rubuta wanda za a yi shawara da shi in ya kasa magana. Sunan Bruno ne a kai. Ni da muka fito ciki ɗaya, ni ce baƙuwa.

Na bi likitar har baranda, na yi mata tambayar da nake jin kunyarta yanzu. Na ce, ko irin rayuwar da yake yi ce ta jawo masa? Ta tsaya ta dube ni sosai.

"Kin san ƙurjin nan da ke fitowa a gefen leɓe in mutum ya yi zazzaɓi? Ƙwayarsa ce. Tana jikin mutane da yawa. Yau ta hau kansa, gobe tana iya hawa naki ko nawa."

Na ce na gode. Ban san ko sauƙi na ji ko akasinsa ba, domin na zo da amsata a shirye, ga shi an karɓe ta daga hannuna.

A sati na biyu ya buɗe ido sosai. Faransancin da ya yi shekara kusan talatin yana koyarwa da rubutu da shi ya fita daga bakinsa gaba ɗaya, kuma in an yi masa ba ya ganewa. Hausa kaɗai ta rage, ita ma irin ta yarintarmu. Ya gane ni, ko da yake wani lokaci yana kirana da sunan ƙanwar Inna da ta rasu. Ya tambaye ni ko an ɗaure awaki. Ya tambaya ko Baba ya dawo daga kasuwa, Baban da muka binne shekara ashirin da suka wuce. Na ce bai dawo ba tukuna. Nas-nas suka riƙa nemana kamar ma'aikaciya: ki tambaye shi ina ke masa ciwo, ki ce ya haɗiye, ki ce ya ɗaga hannun dama.

Wata rana da hantsi Bruno yana tsaye a ƙarshen gado yana gyara masa bargo, sai Yaya ya jawo hannuna.

"Rakiya, wane ne wannan baturen? Kullum yana nan, kullum idonsa ja."

Na ce, "Abokin aikinka ne, Yaya."

"Allah sarki. Yana da kirki."

Bruno ya matso da sauri. "Me ya ce? Ni yake kallo. Me ya ce?"

Na ce, "Yana tambaya ƙarfe nawa."

Ƙarya biyu cikin minti ɗaya, da harshe biyu. Ban shirya yin su ba, fitowa kawai suka yi.

Aiki bai bar ni na zauna Lyon gaba ɗaya ba. Na cinye hutuna na shekara, daga nan na koma kwana uku a Rungis, kwana huɗu a Lyon. Duk ranar da nake Paris sai na biya ta unguwar Goutte d'Or wurin Kawu Alhaji Mamman, ƙanen mahaifinmu, mai shagon atamfa. Shi ne babbanmu a ƙasar nan. A shagon nan na sha shawara har ta ishe ni. Wata Hajiya ta ce sammu ne, abokan aiki ne suka ga baƙar fata ya zama farfesa. Wani ya ce ai mai yawo da kamara a kangaye da tsofaffin majemu dole wata rana ya ɗauko abin da ba a ɗauka. Aka ba ni habbatus sauda, da zuma, da zamzam, da rubutu a gorar ruwa. Inna kuma kullum da saƙon murya daga Damagaram, tana kuka tana cewa a sa shi a jirgi a kawo mata ɗanta.

Likita ta hana a ba shi rubutun ya sha, don a lokacin ko ruwa sarƙe shi yake yi. Ta ce in shafawa ce, a shafa. Da zan koma Paris na bar gorar a kan teburin gefen gado. Bruno ya ɗauka ya juya ta, ya tambaye ni mene ne. Na gaya masa, ina jiran ya yi murmushin nan na Turawa. Sai ya ce, "Da wane hannu ake shafawa? Akwai abin da ake faɗa?" Na ce da dama, a ce bismilla. Da na dawo bayan kwana uku gorar ta yi rabi, wata nas ta ce mini safe da yamma yake shafa masa a goshi.

A satin nan ne na yi kuskuren gaya wa Kawu cewa Yaya bai gane mutumin ba. Kawu ya ajiye almakashi, ya sa aka ja ƙofar shago.

"Rakiya, ba ki ga ikon Allah ba? Shekara nawa muna addu'a? Ga shi an wanke masa kai tas. In an sallame shi, ki sa a kawo shi Paris, kusa da mu, tun bai tuna ba. Wannan dama ba za ta dawo ba."

Na ce to, Kawu. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ina ta juya maganar. Wani ɓangare na zuciyata ya yarda da shi, ba zan ɓoye ba. Da abin da aka raine ni ke nan, kuma da shi nake sallah. Na tambayi Isufu, ya ce, "Ni ban san wannan ba. Amma mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, ban san ko ana yi masa tuba ba." Ya tashi ya tafi ɗauko yara daga makaranta, ya bar ni da ita.

Da farko a gidan wata 'yar ƙasarmu nake sauka a Lyon, amma tambayoyinta suka yi mini yawa: ina matarsa, wa ke kwana da shi, wane ne baturen da aka gani. A sati na uku Bruno ya ba ni mabuɗi, ya ce ɗakin aikin Yaya yana da gado. Na shiga gidan kamar mai shiga wurin da aka hana. Ban san me nake tsoron gani ba. Abin da na gani shi ne hoton Inna a falo, da kwalaben kuka da daddawa da yaji a jere a kicin, an rubuta sunan kowanne da rubutun da ba na Yaya ba. A ɗakin aikin, tsakanin kamarori da wayoyi, ga darduma a naɗe, wurin goshi ya cinye. Na zauna a bakin gado na rasa inda zan ajiye wannan a cikin kaina. Bruno ya yi miyar kuka da yamma. Na ce na ƙoshi. Kashegari yunwa ta ci ƙarfina, na ci. Gishiri ya yi kaɗan, amma miya ce.

Aka gama ƙarin ruwan, zazzaɓi ya tafi, aka mayar da shi ɗakin marasa lafiya na sama. Nan wata mai koyar da magana ta fara zuwa kullum da katunan hotuna. Ta nuna mabuɗi, ya ce mabuɗi. Ta faɗi na Faransanci, ya dube ta kamar ta yi tari. Ranar da ta nuna cokali, ko Hausar ta ƙi zuwa. Ya yi ta kwatanta kai hannu baki, sannan ya fashe da kuka, ya ce, "Na san shi, Rakiya. Wallahi na san shi." Matar ta ce a kawo masa abubuwan da ya saba da su, wataƙila su ja wani abu.

Bruno ya kawo kwamfutarsa. Akwai aikin da Yaya yake haɗawa don wani nuni da aka shirya yi a Paris, bai gama ba. Muka ɗora masa a kan teburin cin abinci, aka kunna. Tagar kicin ɗinsu ce, da bayan wani mutum yana wanke kwanoni. Hoton ya canza, tagar dai ita ce, amma yanzu da dusar ƙanƙara a waje. Ya sake canzawa, ganye ya fito. Mutumin yana nan yana wanke-wanke, gashin kansa na raguwa daga shekara zuwa shekara. Yaya ya ƙura ido, ya haɗe gira. Sai ya ɗaga yatsa.

"Wa ya yanka wannan wurin? Ya yi gaggawa. A bar ruwan ya gama zuba tukuna. Ki gaya wa ɗalibin ya sake."

Bai gane tagar ba, bai gane mutumin ba, bai san aikinsa ba ne. Amma malamin yana nan daram. Na fassara wa Bruno daidai yadda ya faɗa, ya yi dariya hawaye na zuba.

Ni kuwa ba hoton ne ya kama ni ba. Akwai murya a ƙarƙashinsa, muryar Yaya lokacin yana lafiya, a hankali, da Hausa. Da Inna yake magana. Yana ce mata, Inna, ga wanda nake dawowa in tarar. Ga wanda ya zauna da ni ranar da aka ce Baba ya cika shekara goma da rasuwa, na kasa zuwa. Ban san sunan da zan ba ki ki kira shi da shi ba, shi ya sa nake nuna miki bayansa.

Da muka fito, muna jiran taram, jirgin nan na cikin gari, a bakin asibiti, Bruno ya ce, "Bai taɓa gaya mini abin da muryar ke cewa ba. Ya ce sai ya gama."

Taram ya zo ya wuce ba mu shiga ba. Na fassara masa duka, har inda na iya. Daga nan na ce akwai wani abu kuma. Na gaya masa ranar nan ba ƙarfe nawa Yaya ya tambaya ba, na gaya masa amsar da na bayar.

Ya ce, "Na sani." Sai ya faɗa da Hausarsa mai karkata: "Ƙarfe nawa. Wannan na iya ta. Ba ita ya faɗa ba."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ke kaɗai ce ƙofar da nake da ita zuwa wurinsa. In na yi faɗa da ke, ina zan bi?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari da safe na zauna kusa da Yaya, Bruno yana tsaye wajen taga. Na ce, "Yaya, na yi maka ƙarya. Wannan ba abokin aikinka ba ne. Sunansa Bruno. Tare kuke zaune, gida ɗaya, shekara goma sha ɗaya."

Ya kalle ni, ya kalle shi. "Ni da shi?"

"E."

Ban ga tsoro a fuskarsa ba, ban ga murna ba. Kamar mutumin da aka gaya wa sunan garin da jirgi ya tsaya.

"Inna ta sani?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To, ki ce masa ya zauna. Ya daɗe a tsaye."

A sati na biyar wata ma'aikaciya ta zo da takarda. Za a mayar da shi gidan farfaɗo da marasa lafiya na wata biyu ko uku, akwai wuri a gefen Lyon, akwai kuma wani kusa da Paris in iyali sun fi so. Bruno ne ke da ikon sa hannu. Sai ya turo mini takardar da biro. Ya ce in Hausa ce za ta dawo da shi, Hausa tana Paris, shi zai riƙa hawa jirgi. Abin da Kawu ya nema ke nan, an ɗora mini a tafin hannu ba tare da na roƙa ba. Na riƙe biron har ma'aikaciyar ta fara duba agogo. Na rasa abin yi, sai na juya na tambayi mai ciwon, abin da ba wanda ya tuna ya yi. Na ce, Yaya, Paris kake so, kusa da ni da Kawu, ko nan?

Ya ce, "Tagar nan ta cikin fim, ina take?"

"Nan Lyon."

"Ina son in ga ko haskenta haka yake da gaske."

Na rubuta Lyon. Har yau ban san ko Bruno ne Yaya ya zaɓa ko haske ba. Da na gaya wa Kawu, ya ce, "Ke kika ɗauka, ke za ki amsa." Wata biyu in na gaishe shi da ka yake amsawa. Ban ce ya yi laifi ba. Akwai ranakun da nake idar da sallah in zauna ina tambayar kaina ko shi ne da gaskiya.

Dawowar ba ta zo da wani abin mamaki ba. Faransanci ya fara da ƙidaya, sai zagi, ranar da mai motsa masa jiki ya lanƙwasa masa ƙafa da ƙarfi. Duk ɗakin aka yi tafi. Wata Lahadi a sati na bakwai Bruno yana ɓare masa lemu, sai Yaya ya ce da Faransanci, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Bru, kullum sai ka bar farin ɓawon." Bruno ya ci gaba da ɓarewa. Ni na tashi na ce zan nemo ruwa, na yi rabin awa ban dawo ba.

Yanzu yana gida. Faransancin ya dawo kusan duka, amma sunayen mutane suna zille masa, kuma in ya yi awa biyu yana aiki sai ya kwanta. Rana ɗaya yake koyarwa a sati. An ɗage nunin Paris. Shekara biyu kafin ciwon sun goge daga kansa, har da ranar da ya ɗauki muryar nan. Yana sauraronta kamar ta wani, ya ce mutumin nan ya fi shi ƙarfin hali. Bai yanke ko zai bar ta a fim ɗin ba.

Ga abin da nake so a riƙe. Zazzaɓi da ciwon kai, in suka haɗu da magana ba kan gado, ko jin warin da ba kowa ke ji ba, ko mutum ya kasa gane nasa, ba mura ba ce. Kada a tsaya citta. In an ce ku koma gida, ku ƙi, ku sake faɗa, ku nemi wani likitan. Ina gode wa doguwar likitar nan da nas-nas da suka wanke shi ba ƙyama, da mai koyar da magana da ta koyi kalmomin Hausa goma don shi. Wanda ya sallame shi ranar Alhamis kuwa, na bar shi da Allah.

Satin da ya wuce na je Lyon. Bayan azahar muka kira Inna ta bidiyo don ta ga yadda ya yi ƙiba. Suna cikin hira Bruno ya wuce ta bayansa da tire, ya sunkuyar da kai don kada ya fito. Yaya ya ba ni wayar ya tafi shan magani. Inna ta matso da fuskarta har sai goshinta kawai nake gani.

"Rakiya, wancan da ya wuce. Lokacin da ba kya nan, shi ke wanke shi?"

"Shi ne, Inna."

"Har bayan gida?"

"Har shi."

Ina jin kukan kaji a tsakar gidanmu.

"Ki ce masa na gode. Ki ce in ji uwar Lawali." Ta ja numfashi. "Ba sai kawunki ya ji na faɗa ba."

Ta kashe kafin in amsa. Ban san abin da Inna ta sani ba, ban san abin da ta yarda da shi ba, kuma ba na jin za ta taɓa gaya mini. Na je kicin na isar da saƙon kalma da kalma. Bruno ya goge hannunsa, ya tambaye ni me ake mayarwa in babba ya yi maka godiya a wurinmu. Na ce ana cewa, yi wa kai ne. Ya ce me ke nan? Na ce, wato abin da ka yi, kanka ka yi wa.

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "To ai gaskiya ne." Ya maimaita sau uku har ta zauna a bakinsa, sannan na danna masa saƙon murya ya faɗa, muka aika wa Inna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma saka wa duk wanda ya tsaya a kansu.